Wutar lantarki: me jiha da ƙaramar hukuma za su iya yi da kansu?

Injiniya Kabiru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake son mu baje ta a faifai. Duk sanda aka ce jiha ko ƙaramar hukuma ta shigo harkar makamashi, abin da kowa ke hangowa shi ne katafariyar tashar sola, a tara jama'a a buɗe ta, a ɗauki hotuna. Ni kuwa ina ganin gina tasha shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ƙaramar gwamnati ta sa a gaba. Kuɗin ba su ishe ta ba, kuma ba ta da ma'aikatan da za su riƙe tasha shekara 20. Amma akwai abin da ke hannunta wanda gwamnatin tsakiya ba ta da shi. Ita ke sa hannu a takardar izinin gini, ita ke da iko da filaye, kuma ita ke sayen fitilun titi da injinan turo ruwa da na'urorin sanyaya ofisoshi. Ku dubi birnin Barcelona na ƙasar Sifen. A shekarar 2000 wata dokar majalisar birnin ta fara aiki, wadda ta ce sababbin manyan gine-gine sai sun samar da kashi 60 cikin 100 na ruwan zafinsu daga hasken rana. Dokar ba ta ɗora wa birnin gina komai ba, masu gini ta ɗora wa. Wasu birane suka bi sahu, zuwa 2006 gwamnatin ƙasar ta shigar da irin wannan sharaɗi cikin dokar gine-gine ta ƙasa baki ɗaya. Saboda haka ni dai ra'ayina, a fara da tsimin wuta da kafa ƙa'ida, samar da sabuwar wuta a bar wa masu jari su yi a ƙarƙashin wannan ƙa'ida.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Injiniya, tsimin me? Ai sai da abu ake tsiminsa. Kusan mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da wutar ma sam. Mutanen Barcelona wutarsu ba ta ko ƙiftawa, shi ya sa suka sami sukunin zama su yi lissafin ruwan wanka. Ka je wa wanda ke kwana a duhu da zancen rage shan wuta, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Injiniya Kabiru: Ranki ya daɗe, to bari mu bar Turai. A 2007 ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, Ghana ta shiga matsananciyar ƙarancin wuta. Cikin matakan da suka ɗauka har da raba ƙwayayen fitila masu tsimi guda miliyan 6 kyauta, ana karɓe tsofaffin masu zafin nan. Wutar da ake ja a lokacin da kowa ya kunna kayansa da daddare ta ragu da sama da megawat 120. Tashar da za ta ba da wannan adadi sai an shekara da shekaru ana gina ta, su kuwa cikin watanni suka same shi. Wutar da aka tsimin nan ba ɓacewa ta yi ba, wani gida ta tafi wanda da yana cikin duhu. Inda wuta ta yi ƙaranci nan ne tsimi ya fi amfani.

Abba Mai Sola: Hajiya, ni da nake hawa kwano kullum zan ba Injiniya gaskiya a nan. Idan mutum ya ce in haɗa masa sola, ba na fara maganar faranti ko batir sai na zagaya gidan na ga abin da yake kunnawa. Ɗauki ƙwan fitila goma na da, kowanne wat 60. Wat 600 ke nan. Ƙwan LED mai wat 9 zai ba da haske kusan daidai da shi, goma sun zama wat 90. A kunna su awa biyar, na farko ya sha kilowat-awa 3, na biyu bai kai rabin kilowat-awa ɗaya ba. Duk wannan bambancin batir ne zai ɗauke shi, batir kuwa shi ne mafi tsada a kayan haɗin. Tsohon firji kuma kar ma a yi magana. Sau da yawa canza firji da fankoki ya fi arha a kan ƙara batir, amma mutane sun fi son su ga faranti sun cika rufi.

Hajiya Rabi: Wannan lissafin gida ɗaya ne Abba, na yarda da shi. Tambayata ita ce ina ruwan ciyaman ko gwamna da ƙwan fitilar da ke ɗakina?

Abba Mai Sola: Ruwansu shi ne abin da ake bari ya shigo kasuwa. Ƙwai nawa aka rubuta wat 20 a kwalinsa alhali haskensa bai kai na aci-bal-bal ba? Batir nawa aka rubuta masa ƙarfin da bai kai rabinsa ba? Mai saye ba shi da na'urar gwaji. Idan ya ƙone hannu sau ɗaya sai ya ce sola ƙarya ce, ya koma wa janaretonsa.

Malam Tanimu: Yara, ku bari dattijo ya sa baki. Na yi shekaru a aikin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma na ga yadda ake tsara kasafin kuɗi. Fitilun titi da Injiniya ke magana, masu sola ɗin nan, ai ba yau aka fara kafa su ba. A kafa ɗari, a yi biki. Batirin yana da kwanakinsa, farantin yana son a riƙa share masa ƙura. Amma kuɗin kafawa yana ɓangaren manyan ayyuka, kuɗin kula yana ɓangaren ayyukan yau da kullum, wanda albashi ya riga ya cinye. Bayan 'yan shekaru sai ka ga turaku a tsaye babu haske. Sabon shugaba ya zo, maimakon ya gyara sai ya ba da sabuwar kwangila, domin ba a yin bikin canza batir. Haka rijiyoyin burtsatse masu sola, haka firjin ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitoci. Duk manufar da ba ta faɗi wanda zai riƙa gyara da inda kuɗinsa zai fito ba, takarda ce kawai.

Injiniya Kabiru: Baba, wannan ita ce maganar. Shi ya sa wasu birane suka daina sayen fitila, suka koma sayen haske. Kamfani ne zai zuba kuɗinsa ya canza fitilun, gwamnati ta riƙa biyansa wata-wata daga abin da aka rage na kuɗin wuta ko na man dizal, kuma fitilar da ta mutu ba a biyan kuɗinta. Gyara ya zama matsalar kamfanin ke nan. Ribar kuma ba ƙarama ba ce. Los Angeles ta fara canza fitilun titinta kimanin 140,000 zuwa LED a 2009, wutar da suke sha ta ragu da fiye da kashi 60 cikin 100.

Malam Tanimu: Allah ya sa gwamnatin ta riƙa biya. Ka san waɗanda suka fi kowa cin bashin kamfanonin rarraba wuta a wurare da yawa? Ma'aikatun gwamnati.

Barista Nafi'u: Bari in shigo ta fuskar doka, domin ana ta cewa "jiha ta yi, jiha ta yi" ba a tambayi ko tana da hurumi ba. Najeriya misali ce mai kyau. Kafin 2023 jiha ba ta da ikon yin dokar wuta a wuraren da babban layin ƙasa ya ratsa. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya cire wannan shinge, a watan Yuni kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Wutar Lantarki da ta maye gurbin ta 2005. Yanzu jiha za ta iya yin dokarta, ta kafa hukumar kula da wuta, ta nemi NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, ta miƙa mata ragamar kasuwar cikin jihar. A 2024 Enugu da Ekiti da Ondo na cikin na farko da aka miƙa wa. To amma karɓar ragama na nufin kai za ka yanke farashin wuta. A da gwamna zai iya nuna Abuja da yatsa idan an ƙara kuɗi. Yanzu hukumar da ya naɗa ce za ta ƙara, ko ta ƙi ƙarawa don zaɓe ya matso, masu jari su gudu. Ga kuma tallafi. Idan farashin bai biya kuɗin samar da wutar ba, wa zai cike giɓin? Jihar da ta karɓi iko ta karɓi wannan tambayar tare da shi.

Sadiya: Yaya Barista, ni ɗaliba ce, ina bin ku a hankali. To ƙaramar hukuma fa? Ita ma tana da wannan ikon?

Barista Nafi'u: A'a ƙanwata, ikon tsara kasuwar wuta bai sauko mata ba. Amma inda take da tasiri shi ne ƙananan tashoshin nan da ke ba ƙauye ko kasuwa wuta su kaɗai. Tun 2016 NERC ta fitar da ƙa'idarsu, aka sabunta ta a 2023. Wadda ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, wadda ta haura haka sai ta nemi izini. Kafin kamfani ya kafa sai ya sami fili, ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kan farashi. A nan ƙaramar hukuma da masu sarauta za su iya sauƙaƙa aiki, ko su kashe shi da haraji kala-kala da neman na goro.

Injiniya Kabiru: Kuma a tuna da abin da ya faru da manyan ayyukan. A 2016 aka sa hannu da kamfanoni 14 kan gina tashoshin sola na sama da megawat 1,000 a Najeriya. Suka maƙale a kan batun farashi da wanda zai tsaya musu lamunin biya. Rana tana nan, fili yana nan, farashin faranti a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Abin da aka rasa shi ne tabbacin cewa wanda ya sayar da wuta za a biya shi. Jihar da ke son masu jari, nan za ta sa ƙarfinta.

Malam Mahamadu: Sallama gare ku. Kuna ta maganar jiha da ƙaramar hukuma, kun manta da matakin yanki, wato tsakanin ƙasashe maƙwabta. Akwai abin da gari ɗaya ba ya iyawa, har ƙasa ɗaya ma ba ta iyawa. Ghana ta hana shigo da tsofaffin firji daga 2013, ta kuma tilasta manna tambarin taurari da ke nuna yawan wutar da na'ura ke sha. Madalla. Amma jirgin da aka hana sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana ba komawa Turai zai yi da su ba, tashar maƙwabta zai nufa, daga can kayan su bi mota su bazu. In ba ƙa'ida ɗaya aka yi wa yankin duka ba, an toshe ƙofa ne an bar taga. Don haka ne ECOWAS ta kafa cibiyarta ta makamashi mai sabuntuwa da tsimin wuta a birnin Praia na Kef Bad a 2010, shugabannin ƙasashe kuma suka amince da manufofi biyu a 2013, ɗaya ta makamashi mai sabuntuwa, ɗaya ta tsimi. An sa burin samun kashi 48 cikin 100 na wutar yankin daga makamashi mai sabuntuwa nan da 2030, har da manyan madatsun ruwa a lissafin.

Hajiya Rabi: Malam Mahamadu, ai kai ya kamata ka fi kowa tsoron dogaro da maƙwabci. Mun ga abin da ya sami Nijar.

Malam Mahamadu: Haka ne Hajiya. A da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka yanke ta cikin takunkumi. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai ta fara aiki a wannan shekarar, ta rage zafi da rana, amma da dare sai injinan dizal. Duk da haka ni ban ɗauki darasin a matsayin kowa ya kama gabansa ba. Rana ba ta haskawa da dare, ruwan madatsa yana ja baya da rani, iska ba kullum take kaɗawa ba. Idan layuka sun haɗu, wanda ya sami rara ya sayar wa wanda ya gaza. Abin da tsarin haɗakar wutar Afirka ta Yamma mai hedikwata a Kwatano ke ƙoƙarin yi ke nan. Laifin ba na wayar ba ne. Laifin shi ne yarjejeniyar da siyasa za ta iya tsinkewa cikin dare ɗaya, da kuma ƙasar da ba ta tanadi nata na ko-ta-kwana ba.

Sadiya: Akwai abin da ke damuna. Idan masu hali da manyan kamfanoni duk suka sa sola suka bar layin gwamnati, wa zai biya kuɗin gyaran waya da taransifoma? Ba talakan da ya rage a kan layin za a ƙara wa kuɗi ba?

Injiniya Kabiru: Sadiya, kin taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi. Hakan na faruwa. Pakistan ta shigo da farantan sola na kusan gigawat 17, wato megawat 17,000, a 2024 kaɗai, yawancinsu mutane da masana'antu ne suka saya don gudun tsadar wuta, sai bashin tashoshin da aka riga aka gina ya rage a wuyan waɗanda ba su iya ficewa ba. A Afirka ta Kudu abin ya shafi birane kai tsaye, domin da yawansu su ke sayo wuta daga Eskom, kamfanin wuta na ƙasar, su sayar wa mazauna, ribar kuma da ita suke cike kasafinsu. Duk gidan da ya sa sola kuɗin shiga ne ya ragu. Birnin Cape Town ya zaɓi ya riƙe su a kan layi, yana sayen rarar wutar da gidaje da kamfanoni suka samar, har yana biya da tsabar kuɗi. Hikimar ita ce mai sola ya ga zama a kan layi ya fi masa riba a kan yanke waya.

Abba Mai Sola: Sai dai wannan sai inda layin yake da wuta da rana, kuma akwai mita mai ƙirga shiga da fita. Inbata, wato na'urar da ke mai da wutar sola irin ta gida, ba ta tura wuta cikin layin da ya mutu, kashe kanta take yi don kar ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Inda ma mitar farko ba a gama rabawa ba, ana yi wa mutane kuɗin ƙiyasi, wa zai yi tsimi? Ka kashe fitila ko ka bar ta, takardar da za a kawo maka ɗaya ce.

Hajiya Rabi: Yawwa Abba. Injiniya, ka ji? Kuma bari in dawo kan izinin ginin da ka buɗe magana da shi. Gidaje nawa ne ake ginawa da izini? Talaka yana ɗora bulo ne a hankali, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. Ka ƙara sharaɗi a takardar izini, abin da ka ƙara shi ne ƙofar karɓar cin hanci ga mai duba gini. Najeriya ma ai tana da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine tun 2017. Wa ya taɓa jin an hana wani gini saboda ita?

Injiniya Kabiru: Ba da ɗakin talaka za a fara ba, Hajiya. Barcelona ma da manyan gine-gine ta fara. Otal, asibitin kuɗi, rukunin shaguna, gidajen da kamfanoni ke ginawa ɗari-ɗari, waɗannan dole su nemi izini domin banki ba zai ba su rance babu takarda ba, kuma su ne masu shan wutar. Sannan gine-ginen gwamnati kanta, makarantu da sakatariya, waɗanda ba ta buƙatar roƙon kowa. Abin da ake nema ma ba wani mai wuya ba ne: silin mai hana zafi sauka, tagogin da iska ke ratsawa, inuwa a bangon da ke fuskantar yamma, rufi mai farin fenti. Birnin Ahmedabad na Indiya ya shigar da fentin rufi cikin shirinsa na yaƙi da tsananin zafi, har a unguwannin marasa ƙarfi, jihar Telangana kuma ta mai da shi manufa a 2023. Ɗakin da bai ɗauki zafi ba fanka ta ishe shi. Wanda ya ɗauka sai na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita kaɗai tana jan abin da fanka goma sha biyar ko fiye ke ja.

Hajiya Rabi: Na manyan gine-gine ban ƙi ba. Amma ni har yanzu idan aka ba ni kasafin ƙaramar hukuma, sola zan fara sa wa ɗakin haihuwa kafin in sayi fenti.

Malam Tanimu: Ki sa, 'yata, babu mai hana ki. Amma ki rubuta sunan wanda zai canza batirin, da layin kasafin da kuɗin zai fito.

Abba Mai Sola: Da kuma inda tsohon batirin zai je, Baba. Masu dalma ɗin nan ana fasa su a fili a zubar da ruwan a ƙasa, yara na wasa a wurin. Kwashe shara ai aikin ƙaramar hukuma ne, ba sai ta jira kowa ba.

Sadiya: Yaya Barista, tsarin da Injiniya ya faɗa na biyan kamfani wata-wata, idan yarjejeniyar ta shekara 10 ce, wa'adin ciyaman kuma bai kai rabin haka ba, wanda ya gaje shi ba zai iya soke ta ba?

Barista Nafi'u: A doka yarjejeniyar tana kan hukumar ce, ba kan mutumin da ya sa hannu ba, don haka magajinsa ya gaje ta. A aikace kuwa ba sai ya soke ba, daina biya kawai zai yi, kamfani ya shekara yana zarya a kotu. Shi ya sa masu jari ke neman majalisa ta amince da ita a matsayin doka, a kuma buɗe asusu na musamman a banki inda za a riƙa cire kuɗin kai tsaye daga kuɗin shigar hukumar kafin su isa teburin kowa. Ciyaman ɗin da zai yarda a ɗaure masa hannu haka shi ne ake nema. Gwamnoni sun fi saurin yarda, domin su ma suna son rancen.